Kawu Mai Gwanjo da Rigunan Keke

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara talatin yana sayar da gwanjo a rumfar ƙarshe ta layin 'yan tufafi, inda kwanon rufi yake ɗaukar zafi tun da hantsi. Gajere ne mai tumbi, mai son hira, kuma hannunsa ya fi idonsa sanin yadi. Idan aka kwance dila, wato ƙaton ƙunshin kayan da ake kawowa a ɗaure, zama yake yi a benci yana jawo riga ɗaya bayan ɗaya. Zai murza ta da yatsu biyu, ya jefa dama ko hagu, bakinsa bai tsaya ba. Na dama a rataye su ake yi. Na hagu tsibi ne a ƙasa, kowa ya zo ya tona.

Kusan kowace dila ba a rasa wasu riguna biyu ko uku da ke ba shi haushi. Santsi gare su, ga launi barkatai, ga zif tun daga wuya har cibiya, sannan aljihu uku a baya, can wajen ƙugu.

"Telan da ya ɗinka wannan gyangyaɗi yake yi," in ji shi. "Wa zai sa aljihu a bayansa, in ba ɓarawo yake yi wa tanadi ba?" Sai ya wurga su hagu.

A shekarar da ya cika hamsin da takwas ƙafafunsa suka fara yi masa nauyi, ga yawan ƙishirwa. Inna, matarsa, ta matsa masa har ya je asibiti. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta duba takardar gwaji ta ce sukarinsa ya fara hawa.

"Baba, ba sai an kai ga allura ba, in dai za ka riƙa motsa jiki."

"Ai kullum cikin motsi nake, 'yata. Tambayi maƙwabtana, bakina ba ya hutawa."

Ta yi dariya ta ce ƙafa take nufi.

Akwai tsohon keken babban ɗansa a ɗakin ajiya, tun da aiki ya kai shi wani gari. Kawu ya kai wa mai gyara, aka sauya taya, aka shafa wa sarƙa mai. Ya daina shiga motar haya, ya koma zuwa kasuwa a keke, tafiyar wajen minti arba'in. Lokacin kuwa tsakiyar zafi ne.

Makon farko ya sha wuya. Riga mai kauri ta auduga yake sawa a kan singileti, ya isa rumfa sharkaf, rigar ta manne masa a baya, ba ta bushewa sai rana ta raba. Ƙuraje suka feso masa a wuya da hammata. Inna tana barbaɗa masa hoda da yamma tana cewa, "Malam, kai da ka tufatar da rabin gari, ka rasa abin da za ka sa?"

"Keken nan zan mayar inda na ɗauko shi," ya ce. Amma washegari ya sake hawa, don ba ya son ta ce ya gaza.

Ana cikin haka wani malamin sakandare siriri, wanda kowa ke kira Ticha, ya tsaya a rumfar da kekensa. Bai ko kalli kayan da ke rataye ba, sai ya durƙusa a tsibin hagu yana tonawa, har ya zaro ɗaya daga rigunan nan masu aljihu a baya. Ya ɗaga ta yana murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Baba, akwai irinta kuma?"

"Me za ka yi da ita, Malam? Goge allo?"

Ticha ya zauna a bakin benci ya yi masa bayani. Rigar masu tuƙa keke ce. Mai tuƙi a sunkuye yake, abin da ya sa a aljihun gaba zai riƙa dukan cinyarsa ko ya zube, shi ya sa aka mayar da aljihun baya. Bayan rigar ya fi gabanta tsawo don kada ƙugu ya buɗe. Yadin kuma ba ya riƙe gumi kamar auduga, waje yake tura shi iska ta kwashe.

Kawu ya karɓi rigar ya juya bayanta yana duba aljihunan. Daga baya ya gaya mini kunya ce ta kama shi, shekara talatin yana zagin tela, ashe shi ne bai gane ba.

Ranar ya tafi gida da guda ɗaya, baƙa, wadda ya ga ta fi sauran kauri da nagarta, don kuwa haka idon ɗan gwanjo ya saba zaɓe. Da safe ya sa ta. Kafin ya kai rabin hanya ji ya yi kamar an rufe shi a tukunya. Da Ticha ya dawo ya juya cikinta ya nuna masa wani gashi-gashi mai laushi.

"Wannan ta ƙasashen sanyi ce, Baba. A nan, wadda ka raina ita ce mai kyau."

Daga nan Kawu ya ɗauki abin da gaske. Ya ware rigunan daga kowace dila, yana gwada su a jikinsa ɗaya bayan ɗaya a hanyar kasuwa, har ya fitar da nasa hanyoyin ganewa. Yakan kara tafin hannu a bayan yadin ya hura iska. In ya ji sanyinta, rigar ta ci jarrabawar farko. Sai ya ɗiga mata ruwa daga butarsa: in ɗigon ya bazu nan da nan ya fara bushewa, to, haka za ta yi da gumi. In ya tsaya ƙuri kamar a kan leda, hagu. Ya fi son fara ko ruwan toka mai haske, mai ƙananan huji a gefe da hammata, da zif mai sauka har ƙasa don a buɗe ƙirji a hawan tudu. Wata rana ya sa wata shara-shara ƙwarai, yana murna da rashin nauyinta, ya dawo rana ta gasa masa kafaɗu. Tun daga nan in ya ga yatsunsa sarai ta cikin yadi, ba ya ba mai doguwar tafiya.

Matsalar da ta rage ta tumbi ce, don rigunan kama jiki suke yi. Ranar da ya fara fitowa tsakar gida da wata koriya, Inna ta ajiye tsintsiya ta yi dariya har da riƙe bango.

"Malam, kankana ce ta yi ƙafa?"

Bai ji haushi ba. Ya koma neman wadda ta ɗara shi kaɗan, ita kuma ta zauna ta sassauta masa robar ƙugu da allura. Yana isa rumfa yakan shanya ta a ƙusa, ya zura doguwar rigarsa, kafin ya gama shan shayi ta bushe.

Ticha ya gaya wa abokansa, su wajen goma sha biyu da ke fita tuƙi duk safiyar Asabar. A cikinsu akwai direban motar asibiti, akwai wata mai shagon magani da mijinta, akwai wani tsohon soja da ba ya magana. Suka mayar da rumfar wurin zuwansu. Kawu ba ya barin mutum ya ɗauki riga don kyan launi. Sai ya tambaye shi ƙarfe nawa yake fita da nisan da yake yi, ya sa shi ya sunkuya kamar yana riƙe da kan keke, ya ga ko ɗinkin hammata yana cizo. Rigunan suka tashi daga ƙasa suka koma igiya ta musamman a gaban rumfa.

Su ne suka ja Kawu fitar Asabar. Shi ne na ƙarshe kullum, tsohon sojan yana rage gudu don su jera, Kawu yana ba shi labari, shi yana gyaɗa kai. Bayan wata shida likita ta sake duba takardarsa ta ce ya ci gaba da abin da yake yi.

Yanzu shekararsa sittin da ɗaya. Watan jiya suka yi tafiya mafi nisa da ya taɓa yi, har wata gada a bayan gari, suka zauna a inuwa suka sha ruwa, suka juyo kafin rana ta take. Ya kira ni a waya daga can, yana haki, don kawai in ji ƙarar ruwan da ke wucewa a ƙarƙashinsu.

Ni ma ya zaɓar mini tawa, ruwan bula mai haske, ya aiko mini da ita a leda. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya tambaye ni yaushe zan sayi keke, ni kuma in ce ina nan ina shiri.

"To, ɗana," yakan ce, "shirya a hankali. Asabar ba ta ƙarewa."