Kocin da Ke Rusuna wa Fili

Wan mijina ya ce ni na ɓata yarinyar, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba. Bari in faɗi yadda aka yi da bakina, don na gaji da jin labarin a wurin mutanen da ba su taɓa taka filin ba.

A Minguettes muke zaune, kudancin Lyon, hawa na tara, ni da Malam mijina da yara uku. Daga Damagaram muka zo. Shi yana aikin bincike a jami'a, ni ina kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Babbar 'yata tun tana ƙarama ba ta ga abu mai zagaye ta ƙyale shi ba. Lemo, albasa, safar ubanta da aka dunƙule, duk sun sha ƙafa. Da ta kai shekara goma sha biyu, matar da ke zaune ƙasanmu ta hau ta ce mini ko in kai ta fili, ko ita ta kai ƙararmu wurin masu gida. Na kai ta fili.

Mai horar da 'yan matan unguwar wani Bajapane ne, gajere, mai ɗingishi da ƙafar hagu. Kowa Koci yake ce masa. Iyayen yara ne suka ba ni labarinsa a bakin wayar da ta kewaye filin, muna jira cikin sanyi. Ƙwallo ce sana'arsa tun yana saurayi. Ya buga a ƙasarsu, wata ƙungiya ta Faransa ta ɗauko shi, daga nan ya koma wata. Ba irin manyan da ake nunawa a talabijin kullum ba ne, amma da ƙwallon yake ci yake sha. Gwiwa ta lalace, aka yi masa aiki har sau biyu, ya rataye takalmi. Bai koma gida ba, don ya auri Bafaransiya. Da safe yana yanka kifi a wani gidan abinci cikin gari, Laraba da Asabar kuma ya zo mana da tsohuwar motarsa da buhun ƙwallaye.

Mutumin nan yana da nasa tsari. Ba a barin ɗakin sauya kaya sai an share shi, ko da a filin wasu aka je, ko da an sha kashi. 'Yata da ba ta taɓa ɗauke kwanon da ta ci abinci ba, sai ga ta a banɗaki tana goge takalmin ƙwallo da tsohon buroshin haƙori. Na ce ikon Allah! Akwai kuma wani abu da yake yi. Duk lokacin da zai shiga fili, sai ya tsaya a bakin farin layi, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuyar da kai da kafaɗu, sannan ya taka. In zai fita ma ya juyo ya yi haka. Yara kuwa kun san su da kwaikwayo. Kafin wata uku duk 'yan matan sun ɗauka, har da tawa.

Wata 'yar ƙasarmu ce, da ɗanta ke wasa a filin da ke gefe, ta ɗauki hoton 'yata tana sunkuyawa a tarho. Ba ta zo ta same ni ba, ga ni tsaye taku ashirin da ita. Ta tura wa wata, watan ta tura wa wata, har ya isa Stains, bayan Paris, hannun Alhaji wan Malam. Shi ne babbanmu a Faransa, shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu. Ya bugo wa Malam ko gaisuwa babu, ina jin muryarsa daga madafa.

"'Yarka tana yi wa ciyawa ruku'u, kai kana can kana bincike!"

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta taɓa ni. Ni ma Musulma ce, na san wa ake sunkuya wa. Kullum ina ganin abin, ban taɓa kallonsa da wannan ido ba, kuma na ji kunyar hakan. Ranar Laraba na tare Koci kafin a fara. Faransancinsa a karye, nawa na Damagaram, muka dai fahimci juna.

"Koci, me kake bauta wa a cikin filin nan?"

Ya zaro ido. "Bauta? A'a, Madam. Godiya ce. A gidanmu haka ake yi. Ina gode wa wurin, da mutumin da ya yanke ciyawa, da waɗanda za su buga da mu." Ya taɓa gwiwarsa. "Na yi watanni a kwance ban san ko zan sake taka fili ba. Amma ban ce yara su yi ba."

Na faɗa masa yadda abin yake a wurinmu. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. A ranar ya tara yaran ya ce kowace ta shiga fili yadda gidansu ya koya mata shiga wuri mai daraja, kada wadda ta kwaikwaye shi. Tawa ta koma yin bisimilla tana sa ƙafar dama. Na je wurin malamar da ke karantar da mu ranar Lahadi, ta ce sunkuyawar a bari, ƙwallo kuwa da dogon wando ba ta ga laifinta ba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ina! Alhaji ya ce mu zo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka sake wani, muka hau bas. Na gaishe shi har ƙasa kamar yadda na saba, na shige wurin mata. Sai da maza suka gama cin abinci aka kira ni falo. Ya ce ya yanke magana, yarinya ta bar ƙwallo gaba ɗaya. Malam ya yi masa bayanin cewa an daina sunkuyawar. Ya ɗaga hannu.

"Yau ta daina, gobe ya koya mata wani abin. Ku dubi shi kansa mutumin mana. Ya yi ta gudu bayan ƙwallo har ƙafa ta mutu, yau ga shi yana ƙarnin kifi a ƙasar wasu. Abin da kuke so mata ke nan?"

Na dubi Malam. Kansa a ƙasa, yana murza bakin rigarsa. Na san ba zai iya musa wa yayansa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma maganar kifin nan ce na kasa jurewa. Ni da nake wanke tsofaffin Turawa kullum, ina sauya musu zanen gado, a gabana za a raina mutum don aikin hannunsa?

Na ce, "Yaya, ka gafarce ni. Mutumin nan ƙafarsa ta mutu bai yi bara ba, bai zauna yana ba da labarin zamanin da ba. Yana tashi da asuba ya yi aikinsa, ya zo ya tsaya cikin ruwa da sanyi saboda 'ya'yanmu. Na je masa da maganar addinina, ya gyara a ranar. Wadda ta ɗauki hoton 'yata ko sallama ba ta yi mini ba. In 'yata ta tashi da halinsa, na gode Allah. Ba za ta bari ba."

Alhaji bai dube ni ba, ƙaninsa ya duba. Ya ce in yarinya ta sake taka fili, ya cire hannunsa a kanta, ranar aurenta mu nemi wani waliyyi. A wurinmu wan uba ne ke ba da aure, uba ba ya buɗe baki in yayansa na raye. Kowa a falon ya san nauyin abin da ya faɗa.

Muka kama hanyar gida. Da muka kusa Lyon Malam ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Na ce na sani. Ya ce ko mu tambayi yarinyar ta zaɓa. Na ce a'a, ba zan ɗora wa 'yar shekara goma sha uku rigimar manya ba. Ranar Asabar na ɗauki jakarta na kai ta, Malam bai hana ba.

Shekara shida ta yi tana bugawa. Ba ta zama kowa ba a ƙwallo. Koci da kansa ya zaunar da ita tana shekara goma sha bakwai, ya ce mata ƙafarta ba za ta kai ta manyan ƙungiyoyi ba, gara ta riƙe karatu. Ta yi kuka kwana biyu, ta koma fili. Daga baya ta karanci aikin gyaran gaɓoɓi, shi take yi yanzu a asibiti. Koci kuma gwiwar ta ƙara matsa masa, ya bar horarwa, suka koma ƙauyen matarsa.

Da aurenta ya tashi, Malam ya kira yayansa sau uku, sannan ya tafi Stains da ƙafarsa. Alhaji ya karɓe shi, ya ba shi abinci, ya ce yana nan kan bakansa. Ranar ɗaurin aure Malam ne ya zauna gaban liman ya ba da 'yarsa da kansa. Ƙanena da ke wurin ya ce muryar Malam rawa take yi, sai da liman ya sa ya maimaita. Da ya dawo gida ya shige ɗaki bai cire babbar riga ba, na same shi zaune a bakin gado yana share ido.

Ni na jawo masa wannan, na sani, kuma yana ci mini rai har gobe. Na zauna kusa da shi. Ya ce, "Da kin yi shiru ranar nan." Na ce, "Malam, ka yafe mini zafin da ka sha. Amma ko yau aka mai da ni falon nan, abin da zan faɗa ke nan."