Tellervo da Maɓallin da Ba Wanda Ya Danna

Tellervo Rautio maƙwabciyata ce, shingen katako kawai ya raba mu, kuma tun tana 'yar shekara bakwai na san ba za ta bar duniya yadda ta same ta ba. Wata rana na dawo daga daji da motar gungume, na tarar ta jera mini itacen hunturu kaf, gajeru a ƙasa, dogaye a sama. Ya yi kyau ƙwarai. Ina zare ɗaya, duk suka zubo mini a ƙafa.

Ta yi karatu a Helsinki, babban birnin ƙasarmu, ta shekara goma can tana tsara shafukan intanet. Da mahaifiyarta ta rasu, ƙafar mahaifinta Aatos kuma ta fara ƙin matakala, sai ta tattaro ta dawo. Aikin irinta guda ɗaya tak ne a garinmu: ƙungiyar 'yan kasuwa tana da shafin da ake tallar guraben aiki, kuma ba mai shiga. Aka ba ta gwajin wata shida. In masu neman aiki ba su ƙaru ba kafin ƙanƙara ta narke, lokacin da magina da injin tsaga katako ke ɗibar mutane, to sai ta koma Helsinki neman abinci, Aatos kuma a kai shi gidan tsofaffi. Shi ko ya riga ya ce gawarsa ce kaɗai za ta shiga can.

Tsohon shafin, surukin shugaban ƙungiyar ne ya yi shi. Ja da rawaya, rubutu na walƙiya kamar motar kashe gobara. Tellervo ta kalle shi sau ɗaya ta nemi maganin ciwon kai. Cikin wata biyu ta wanke shi tas, ya koma fari fat kamar tafkinmu in ya daskare a Janairu. Duk kalmar da ta yi mata yawa ta cire. Wurin da mutum zai danna ya nemi aiki ta mayar da shi wani ɗan siririn zane, jirgin takarda mai ruwan toka, can a kusurwa.

"Ka gani, Kawu Urpo? Yanzu shafin yana numfashi."

"Madalla, 'yar birni," na ce. "Ai ni ban san shaƙe shi aka yi ba."

Ba ta yi ganganci ba, sai da ta gwada. Ta tara maza biyar marasa aiki a ɗakin karatu na gari, ta ba kowa kwamfuta da kofi da burodi mai kirfa. Amma 'yar garinmu ce. A nan ko a tashar bas taku biyu muke bari tsakaninmu, balle a tsaya wa mutum a ƙeya ana kallon abin da yake yi. Sai ta fita baranda ta ba su rabin awa. Da ta dawo ta tambaya ko akwai inda ya ba su wahala. Veikko mai walda, wanda aka sallama tun kaka, ya kurɓi kofi ya girgiza kai, sauran suka bi shi. Ta rubuta cewa kowa ya gane.

Wata uku suka wuce. Guraben aiki sittin, masu nema huɗu, biyu daga ciki ita ce da kanta tana duba ko abin na aiki.

Gaskiyar ta fito ne ranar wata Asabar a ɗakin wankan tururi na bakin tafki. Mazan garinmu in suna cikin tufafi ba sa magana, sai an tuɓe an dafu. An zuba ruwa ludayi na uku a kan duwatsu masu zafi ke nan, Veikko ya dubi bango ya ce, "Jirgin nan na takarda, na mene ne?"

"Na masu son aiki a ƙasar waje ne," in ji Kauko kafinta.

Veikko ya ce, "Kai dai jaki ne. Ado ne."

"To kai gwani, ta ina ka nema?"

Nan Veikko ya faɗi gaskiya. Ashe da hannu ya rubuta takardarsa, tana cikin motarsa wata biyu, ya rasa inda zai kai.

Washegari muna kwasar ƙanƙara na faɗa mata ta kan shinge. Ta kafa shebur ta tsaya.

"Ai na tambaye su!"

"Kin tambayi namijin garin nan, gaban maza huɗu, ko akwai abin da bai gane ba? Ɗiyata, Helsinki ta cinye miki kai."

Ta ce za ta sake tara su. Na ce tara su da wando ɓata kofi ne. Ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba, a na uku ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da shafukan nan bugaggu a takarda, kowace an liƙe ta cikin leda don kada tururi ya jiƙa ta. Ni da na bar makaranta ina ɗan sha biyar, ni aka naɗa mai bincike.

Asabar uku muka yi a haka. Ita tana zaune a waje bisa benci cikin rigar sanyi, kunnenta a ƙofar iska, littafi a cinya. Na gaya musu tana nan. Kauko ya ce in dai ba ta ganinsa, ba ta nan. Ni ina ciki tsirara ina ɗaga takarda. "Veikko, kana son aikin nan. Nuna mini inda za ka taɓa." Yatsansa kaɗai ya rufe jirgin da rabin kusurwar. Suka ce rubutun ya yi ƙanƙanta, suka ce ina lambar wayar da mutum zai kira ya ji muryar mai aiki, suka ce don me ake tambayarsu "burinsu a rayuwa" alhali walda ce. Kauko ya ce farin yana sa shi jin kamar an kwantar da shi asibiti. Daga waje muka ji an ce, "Na ji ka, Kauko!" Ya ƙara ruwa a duwatsu.

Ta yi gyaran tana huci. Jirgi ya tafi, aka sa wani ƙaton maɓalli kore mai rubutu, NEMI WANNAN AIKI, da lambar waya ƙarƙashinsa. Tambayoyi goma sha biyu suka koma uku. Ta ce abin ya yi kama da ƙofar gareji, ta kuma roƙe ni kada in nuna wa kowa daga Helsinki, kamar na san wani a can.

Kafin ƙanƙara ta bar tafki mutum tamanin da wani abu sun nema. Veikko ya samu walda a wurin masu gyaran jiragen ruwa. Bai yi mata godiya ba, kifi busasshe dai aka tsinta rataye a ƙofarta.

Ranar yanke hukunci na kai ta a motata na jira a waje. Ta ce shugaban ya yi minti biyar yana kallon koren maɓallin, surukinsa na gefe. Can ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce, "Sai Litinin." A garinmu, tabbatar da mutum a aiki ke nan.

Da muka iso gida ta gaya wa Aatos ba inda za shi. Ya ce to, sannan ya tambaya wa ya bar ƙofa a buɗe zafi na fita.