Haruna Ɗan Cheyenne, Abokin Tsofaffi

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Ina cikin wani shagon 'yan Nijar a titin 116 na unguwar Harlem a New York ina zaɓen daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai wayata ta yi ƙara. Memuna ce, 'yar Kumasi, mai dafa abinci a gidan kula da tsofaffi da muke aiki a Bronx. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce, "Hajiya, ki sami wuri ki zauna. Haruna ya rasu." Na tambaye ta wane Haruna, duk da zuciyata ta riga ta sani. Ta ce namu, na hawa na uku. Da safe ya fita ƙwallon kwando da abokansa a wani fili kusa da gidansu, yana cikin gudu ya dafe ƙirji ya durƙusa, kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai shagon ya ga yadda fuskata ta sauya, ya nuna mini buhun shinkafa na zauna a kai, ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba.

Shekarunsa ashirin da shida. Sunansa na yanka Aaron, mu ne muka mai da shi Haruna. Ɗan ƙabilar Cheyenne ne, wadda ake furtawa Shayan, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar nan. Garinsu yana jihar Montana, ƙasar tuddai da ciyawa da dawakai, tafiyar kwanaki a mota daga New York. Karatun aikin jinya ne ya kawo shi, yana kuma aiki a wurinmu don ya riƙe kansa. Ni nas ce daga Kano, na daɗe a gidan. Shekara uku muka yi tare da shi.

Haɗuwarmu ta farko ba abin alfahari ba ce a gare ni, amma zan faɗe ta, domin a nan na fara sanin ko wane ne shi. Na ga dogon saurayi da kitso biyu har gadon baya, na tambaye shi daga ina yake. Da ya faɗa mini, sai na yi dariya na ce ashe shi ne Indiyawan dajin da muke gani a fina-finan kaboyi muna yara. Bai ɓata rai ba. Idonsa a ƙasa, ya ce, "Ba mu taɓa zuwa Indiya ba. Kuma ba a daji muke ba, a gida muke. Wasu ne suka zo suka same mu." Kunya ta rufe ni, ni da na sha jin ciwo idan aka tambaye ni ko muna kwana da zakuna a Afirka. Na ba shi haƙuri. Maimakon ya ja maganar, sai ya tambaye ni yadda ake kiran macen da ta kai sa'ar mahaifiyar mutum a harshenmu, domin a wurinsu ma ba a kiran babba da gatsal sunansa. Na ce Inna. Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara kirana da wani suna ba.

Abin da ya sa Hausawan unguwar Morrisania da ke Bronx suka san shi shi ne al'amarin Alhaji Garba. Alhaji tsohon direban tasi ne, ɗan Zangon Kumasi, wanda ciwon mantuwa ya kama har Turancin da ya yi shekaru yana yi ya gudu daga bakinsa, ya koma Hausa zalla. An kwantar da shi a hawa na uku, inda babu mai jin Hausa ko ɗaya. Ba a jima ba aka rubuta a takardarsa cewa mafaɗaci ne. Sau da yawa a rana yakan yunƙura ya nufi famfo, ma'aikata su riƙe shi don kada ya faɗi, shi kuma ya yi ta fizge-fizge yana ɗaga murya. Har ya taɓa bugun wata da gwiwar hannu. Likita ya yanke shawarar a ƙara masa maganin da zai sa shi barci yawancin yini. Ni da kaina na karanta takardar a hawa na ɗaya inda nake aiki, na ce Allah Ya sawwaƙe, na wuce.

Haruna ne ya roƙi a ɗan jinkirta. Kwana huɗu yana lura da tsohon, bai gaya wa kowa abin da yake nema ba. A rana ta biyar ya sauko ya same ni. Ya ce ya ga Alhaji ba ya tashi sai a wasu lokuta, kuma lokutan suna bin rana ne, ba agogon bango ba. Ya ce sau ɗaya da ya bar shi ya isa famfon, hannu ya fara wankewa, sannan baki, sannan fuska, bai sha ko ɗigo ba. Ya tambaye ni ko wannan yana da ma'ana a wurinmu. Nan take na gane alwala ce. Muka hau tare, na gai da Alhaji da Hausa. Tsohon ya kama hannun rigata ya ce, "'Yata, la'asar tana wucewa, sun hana ni ruwa." Na fita baranda na share hawaye. Ni Musulma, mai jin harshensa, hawa biyu kacal tsakaninmu, ban gane ba. Wanda bai taɓa shiga masallaci ba shi ya gane.

Washegari ya zo da butar roba da ya sayo a shagon wani ɗan Gana, da ƙaramar roba ta tare ruwa. Ya sa na koya masa yadda alwala take bi da bi, domin ya san inda zai zuba ruwa idan tsohon ya manta. Ya juya kujerar Alhaji ta fuskanci alƙibla. Ya koyi 'yan kalmomi: sannu Baba, a hankali, lokaci ya yi. Faɗan ya ƙare kamar an yi ruwa an ɗauke, likita ya janye maganin. Alhaji ne ya ji ana cewa Aaron, ya ce wane irin Aaron, ai Haruna ne. Wata rana ya ce masa ya zo su yi jam'i. Haruna ya roƙe ni in gaya masa cewa shi ma yana da tasa hanyar addu'a, kullum da safe yakan fuskanci gabas ya roƙi Mahalicci kamar yadda kakanninsa suka yi, kuma ba zai so ya yi wasa da ibadar wani ba. Na fassara ina tsoron yadda tsohon zai ɗauka. Alhaji ya dube shi ya ce, "To, tsaya nan ka tsare ni kada in faɗi." Haka suka ci gaba, ɗaya yana sallah, ɗaya yana tsaye a gefe.

Da na yaba masa, sai ya ce shi bai yi wani abu ba. Ya ce tsoho ba ya yin abu a banza, mu ne muke sauri. Wannan magana yakan maimaita ta ga sababbin ma'aikata. Akwai wata kuma da ya ce daga kakarsa ya ji: idan ba ka san abin da za ka ce wa mai baƙin ciki ba, ka zauna kawai, zaman ma magana ce. Na sha ganinsa zaune kusa da gadon wanda 'ya'yansa suka daina zuwa, ba ya cewa komai, yana yanke masa farce ko yana taje masa kai.

Da Babbar Sallah na gayyace shi gidanmu. Ya ci tuwo da hannu, ya ce kilishi ɗan'uwan busasshen naman da kakarsa take shanyawa ne, sai dai namu ya fi faɗa a baki. Shi da maigidana suka yi ta mamakin yadda al'adu suke kama. Su ma da leɓe suke nuna abu, su ma ba sa kallon babba ido cikin ido, kuma a da suruki ba ya zama wuri ɗaya da surukarsa. Ana cikin hira na ce wa 'yata Zainab, wadda take jami'a, ta kawo zoɓo. Ta amsa mini da Turanci kamar kullum. Haruna ya tambaye ta ko tana jin Hausa, ta ce tana ji, magana ce take yi mata nauyi. Sai ya ba mu labarin kakarsa. Tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, aka yanke mata gashi, ana wanke mata baki da sabulu duk ranar da ta yi harshensu. Da ta haifi nata 'ya'yan, tsoro ya hana ta koya musu. Yanzu da ta tsufa, shi yake kiranta kowace Lahadi tana ba shi kalmomi. Ya ce wa Zainab, ba da faɗa ba, "Ke naki yana nan a kicin, kyauta. Ni ta waya nake roƙon nawa, kalma ɗaya-ɗaya." Ba zan ce Zainab ta sauya dare ɗaya ba, har yau Turancinta ya fi yawa. Amma tun daga lokacin ita take kiran kakarta a Kano da kanta, ba sai na miƙa mata waya ba.

Ba mala'ika ba ne, kuma ba zai so in mai da shi haka ba. Yana da taurin kai. Shugabar sashenmu ta sha yi masa faɗan makara, domin ba zai bar tsoho yana tsakiyar magana ya tafi wani ɗaki ba, ko da mutum uku suna jiransa. Shirunsa ma yakan ƙular da mutane, a tambaye shi abu sai ya gama tunaninsa kafin ya amsa. Babban laifinsa shi ne bai kula da kansa ba. Watanni biyu kafin rasuwarsa na same shi a kan matakala yana haki, ya jingina da bango. Na ce ya je a duba zuciyarsa. Ya yi murmushi ya ce bayan jarrabawa, Inna. Na sake tuna masa sau ɗaya, daga nan aiki ya sha kaina. Na san ajali idan ya zo babu mai tare shi, kuma na yarda da ƙaddara. Duk da haka ina tambayar kaina me ya sa ban kama hannunsa na kai shi ba, kamar yadda zan yi wa ɗan cikina. Burinsa shi ne ya gama karatu ya koma Montana ya kula da tsofaffinsu a gida, don kada a riƙa kai su nesa inda ba a san su ba. Wata biyar ya rage masa.

Mahaifiyarsa ta zo ɗaukar gawarsa. Ta yanke gashinta zuwa kunne, domin haka suke makoki. Maigidana ya ce ba za ta kwana a otal ba muna garin nan, muka sauke ta a ɗakin Zainab. Ban gayyaci kowa ba, amma mata suka cika falon, daga Morrisania, daga Harlem, har da waɗanda suka hawo jirgin ruwa daga unguwar Park Hill da ke tsallaken ruwa, kowa da kular abinci. Suka zauna a ƙasa kewaye da ita. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce mini haka ake yi a gida, ba ta zaci za ta samu a New York ba. Bisa al'adarsu ba a riƙe kayan mamaci, rabarwa ake yi. Ta ba maigadin gidan aikinmu rigar sanyinsa, ta ba abokan karatunsa littattafansa, ni kuma ta yafa mini bargon da kakarsa ta ɗinka masa da hannu lokacin da zai baro gida.

Kafin ta tafi ta ce tana so ta ga tsohon da ɗanta yake yawan ba ta labari. Mun ɓoye wa Alhaji rasuwar. Ba ya tuna sunan 'ya'yansa, amma kullum da la'asar sai ya tambayi Haruna, mu ce yana zuwa. Na kai ta, na ce Baba, ga mahaifiyar Haruna. Ya gyara zama, ya gaishe ta da ladabi, ya ce Allah Ya yi mata albarka, ta haifi ɗa. Sannan ya tambaya, "Ina yake? Kwana biyu ban gan shi ba." Na juya wajen mahaifiyar. Ta ce in gaya mata abin da ya ce, na gaya mata. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ki ce masa ya tafi gida." Na faɗa masa. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ya daɗe bai je ba. Allah Ya kai shi lafiya." Ta tambaye ni ma'anar, na fassara mata, ta ce wannan addu'ar ta ishe ta.

Haruna bai bi addinina ba, kuma ban san abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba. Na san dai abin da idona ya gani. Na bar al'amarinsa ga Allah, Mai adalci, wanda rahamarSa ta yalwaci kowane abu, wanda ba Ya mance alheri ko da ƙwayar zarra ne. Allah Ya ba mahaifiyarsa haƙuri da juriyar wannan rashi. Allah Ya sanyaya zuciyar kakarsa, Ya ba ta wani daga cikin jikokinta da zai zauna ya saurare ta. Allah Ya raya ƙannensa, Ya tsare su, Ya kare al'ummarsu daga ƙarin baƙin ciki. Allah Ya ba tsofaffinmu da ke kwance a gidajen nan masu tausayinsu. Mu kuma da muka rage, Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.