Mai Firij da Tsohuwar Kwamfutar Auta

A duk layin nan da wuya ka sami wanda yatsansa bai sha sanyin bututun Mai Firij ba. Halinsa ke nan. Idan ya gama gyara, ya ɗura gas, ya tayar da inji, ba ya naɗe bututun jan ƙarfen da baƙin soso sai mai kaya ya iso. Zai tsaya yana kallon farar ƙanƙara tana hawa bututun, bakinsa har kunne, sai ya kamo hannunka ya ce, "Taɓa ka ji." Sai ka taɓa, ka fizge hannu ka ce kai, sannan hankalinsa zai kwanta ya ɗauko soso. Ko sauri kake yi sai ka taɓa, ba ya yi wa kowa rangwame.

Tun yana saurayi yake wannan sana'a, a ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar wani bene. Rufin ya yi ƙasa sosai, a sunkuye ake aiki, har bayansa ya saba ya ƙi miƙewa. Firijin da ba su sami wuri a ciki ba suna jere a waje, rana ta doke su, ruwa ya doke su. Da shagon nan ya reni 'ya'yansa, duk suka girma suka kama gabansu, saura Auta. Abu ɗaya ne ba ya son ji a bakin mutum, wato a ce inji ya mutu. Nan take zai haɗe rai ya ce inji ba ya mutuwa, gajiya yake yi. Amma fa firijin gidansa shekara da shekaru kabad ne, kwanuka matarsa take jerawa a ciki, kullum gobe zai duba shi.

Kwamfutar ma haka ta shigo gidan. Ya je gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani ofis, ya tarar an fito da ita bakin ƙofa za a zubar. Ya tambayi laifinta aka ce ta tsufa. Ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo gida, ya hure mata ƙura, ta tashi. A kanta Auta ta koyi rubuta sunanta, a kanta ta gama sakandare, kowa a gidan Tsohuwa yake ce mata.

To, yanzu Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, zanen gine-gine take karanta. Aikinta na fita shi ne wani dogon bene, kuma dole ta fitar da hotonsa kamar an riga an gina shi, da haske da inuwa da komai. Kwamfuta ce take lissafa hoton, tana fito da shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Da gudun da Tsohuwa ta saba, har ranar miƙa aiki ta wuce ba za ta kai rabi ba.

Auta ba ta yi ƙorafi ba, 'yar ubanta ce. Ta shiga wani shuɗin shafi da ke fitowa idan an kunna kwamfutar, ta ƙara wa furosesa gudu, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da ke yin duk lissafin. Ta ƙara masa wuta kaɗan don ya iya ɗauka. Tsohuwa ta zabura kamar yarinya, hoto ya fara saukowa da sauri. Sararin sama ya fito, tankunan ruwa na kan rufi suka fito, tagogin hawan ƙarshe suka fito, sai ɗif, ta ɗauke. Zafi ya yi mata yawa ta kashe kanta. Aka sake, aka kuma sakewa, har Mama, matar Mai Firij, ta haddace tankunan nan, amma ƙasan ginin ko sau ɗaya ba su gani ba.

Ana cikin haka Kawu ya zo, ƙanin Mama, wanda ba ya shiga gidan ya fita bai tsokani mijin yayarsa ba.

"Mijin Yaya, wannan kakar taku ai sai a bar ta ta huta," in ji shi. "Akwai sabuwa fil a gidana, ba mai taɓa ta. Auta ta haɗa kayanta ta koma can har ta gama karatu."

Magana ce ta alheri, kuma ita ce ta hana Mai Firij sakat. Gidan Kawu yana can ƙarshen gari. Mai Firij kuwa ya ga yadda yayyen Auta suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan dalilinsa na kwana biyu, kuma babu wanda ya dawo sai da gaisuwa. Ba ya son Auta ta tafi, shi ne gaskiyar zance. Yana son ya dawo daga shago ya tarar da ita a teburin falo, ta ɗago ta ce sannu da zuwa Baba. Kuma yana son aikin nan ya fita da hannunsa a ciki.

"Ba zafi ne matsalar ba?" ya ce. "To a gidan wa ake maganar zafi? Auta, ke ki ba ta wuta, ni in ba ta sanyi."

Ya cire murfin gefen kwamfutar, ya kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke shan zafinsa, ya shafa sabo. Ya jawo fankar tsaye ya saita ta. Aka sami ƙarin hawa guda, ta sake ɗaukewa. Daga nan ne ya juya ya kalli kabad ɗin Mama.

"Kada ka soma," in ji ta.

Ai ya riga ya soma. Kafin ta kwashe kwanukanta ya kwance kwamfuresan firijin, injin da ke tura gas. Ya lanƙwasa bututun jan ƙarfe, ya yi masa walda a kan wani ɗan faifan ƙarfe, ya ɗaure faifan a kan furosesa. Mama ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce tun Auta tana goye take roƙo a gyara mata injin nan, ashe lafiyarsa ƙalau, kwamfuta yake jira.

Ranar Asabar da hantsi aka kunna. Wannan karon Tsohuwa ba ta ko yi tari ba. Auta ta ƙara gudu, ta kuma ƙarawa, hoto ya wuce tankuna, ya wuce tagogin da suka sani, ya shiga hawan da ba su taɓa gani ba, da barandarsa da tukwanen furanni. Farar ƙanƙara ta lulluɓe bututun tas, gwanin kyau.

"Baba, ba za ka naɗe shi ba?"

"Sai Kawunki ya zo ya taɓa."

Kawu kuwa, kamar kullum, yana hanya. Injin firij ba ya aiki babu hutu, idan sanyi ya kai yakan tsaya ya numfasa, kuma Mai Firij ya fi kowa sanin haka. A firij, ƙanƙarar da ta narke tana da tiren da take ɗiga a ciki. A nan kuwa abin da ke ƙarƙashin bututun shi ne babban allon cikin kwamfutar. Idonsa na kan ƙofa, idon Auta na kan hoto, Mama ce da ta shigo da shayi ta lura.

"Baban Auta, wannan ruwan fa?"

Ya kai hannu ga soket, amma an riga shi. Wani abu ya ce tas, sikirin ya yi baƙi, ɗan ƙauri ya tashi. A daidai lokacin Kawu ya yi sallama.

Ya kalli ruwan, ya kalli mijin yayarsa, kuma a ranar bai yi tsokana ba, wanda hakan ya fi tsokanar ciwo. Ya tambayi Auta ko zanenta yana nan, ta ce ta ajiye kwafi a filash. Ya ce to jibi da yamma zai zo ya ɗauke ta. Auta ta shiga ɗaki. Mai Firij yana nan zaune ya ji ƙarar jaka ana sauko da ita daga kan kabad.

Mama ta ajiye masa shayin a gabansa. "Da ka naɗe abinka, wa zai ce ba ka iya ba?" ta ce a hankali.

Washegari bai buɗe shago ba, abin da maƙwabta suka ce ba su taɓa gani ba. Ya kwance allon, ya wanke shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya shanya shi a taga. Ya sa tabarau yana bin sa lungu-lungu har ya gano abin da ya fashe, wani ɗan gwangwani ne da bai kai ƙwayar wake ba. Ya ciro irinsa daga tsohuwar rediyo ya liƙa da dalma. Sannan ya ɗauko baƙin soso, tun kafin ya kunna komai, ya naɗe bututun, ya kuma naɗewa, ya toshe gefen faifan har ba a ganin ko ƙyallin jan ƙarfe. Ya saita injin yadda zai ba da sanyi daidai, babu ƙanƙara.

Ya kira Auta. Tare suka danna, kuma tare suka saki numfashi da Tsohuwa ta yi ɗan kukanta na tashi.

"Rage mata gudun kaɗan," ya ce. "Ba gasa muka zo ba, mu dai mu kai ƙasa."

Da sassafe ranar da Kawu zai zo suka sa aikin. Jaka tana bakin ƙofa, don babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa a mayar da ita. Hoto yana saukowa a natse. Mai Firij ya kafa kujera, lokaci-lokaci ya zura yatsa ƙarƙashin soson ya duba, a bushe yake. Ya ci abinci a nan, ya yi gyangyaɗi a nan. Da yamma Kawu ya iso yana kaɗa makullin mota, ya leƙa cikin kwamfutar.

"Mijin Yaya, yau ina abin taɓawa?"

"Babu. Nemi wuri ka zauna."

Ya zauna. Hawa na biyu ya fito, na ɗaya ya fito, Mama ta bar girkinta ta zo ta tsaya. Sai layukan suka shiga hawan ƙasa. Aka ga wata doguwar rumfa, a inuwarta firiji ne jere, babu wanda rana take taɓawa. Aka ga ƙofa mai faɗi, da teburin aiki mai tsayi, da tukunyar gas a gefe. A bakin teburin ga wani mutum da shuɗiyar rigar aiki, hularsa a karkace, yana tsaye cak.

Mai Firij ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wannan kuma wane ne?"

"Malaminmu ya ce kowa ya sa mutumin da ya yi ginin dominsa," in ji Auta.

"Ai ni bayana ba ya miƙewa haka."

"Rufin ne, Baba. Na ɗaga maka shi."

Ya sake duban mutumin da ke cikin hoton. Ashe duk kwanakin nan da suke kallon tankuna, shi yana nan ƙasa yana jira a iso gare shi. Layin ƙarshe ya fito, Tsohuwa ta sassauta kukanta. Kawu ya mayar da makulli aljihu yana ta kallon silin, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Auta ta kamo hannun ubanta, hannun nan mai kanta da tabon walda, ta kai shi kan sikirin daidai ƙofar shagon.

"Taɓa ka ji, Baba."

Ya taɓa. Gilashin da ɗumi. Bai janye hannunsa ba har Mama ta ɗauki jakar ta mayar ɗaki.