Manajanmu da Kurkunun Ƙafata

Kwanakin baya na tarar da jikata ta duƙufa a kan waya tana kallon wani fim na zane irin na mutanen Japan. 'Yan makaranta ne ke wasan ƙwallon kwando, amma ita hankalinta yana kan wata yarinya da ke tsaye a bakin fili, usur a wuya, littafi a hannu. Ta ce mini wannan ce manajar 'yan wasan, ɗaliba ce kamarsu, ba ta jefa ƙwallo amma komai a hannunta yake. Na ce mata ai mu ma mun yi irin wannan a Illela, kuma ba don shi ba da wataƙila da sanda ta san kakanta. Ta ɗauka zolaya nake yi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kawo mana wani sabon malami a babbar firamare, saurayi ne da ya fito daga makarantar horon malamai, kuma a can ya koyo wasan. Mu ɗaliban lokacin ba ƙanana ba ne, don da yawanmu sai da muka yi nisa a allo aka sa mu boko, wasu har gashin baki ya fara tsiro musu. Ni daga Tozai aka kawo ni, ina zaune a gidan wani abokin mahaifina, ɗan kasuwa mai kai goro Ƙonni. Duk ajinmu na fi kowa tsawo, saboda haka ranar da Malam ya jera mu, ni ya fara nunawa da yatsa.

Fili kuwa mu muka yi shi. Muka share bayan ajujuwa, muka kafa azara biyu, aka buga musu katakon akwatin shayi, maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe ya yi mana zobe. Ƙwallo ɗaya tak muke da ita, ta fata, mai tiyub a ciki.

Akwai wani ɗan ajinmu, ɗan gidan malamai, siriri mai ciwon fuka. Ya so wasan ƙwarai, amma in ya yi gudu sau biyu sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar zugazugi. Malam bai kore shi ba. Ya rataya masa usur, ya ba shi littafi da fensir, ya ce daga yau shi ne manaja. Mun yi dariya, don mu a saninmu manaja sai a kantin Turawa. Daga ranar sunan ya bi shi, har na yanka ya kusa ɓacewa.

Ba mu san girman aikin ba sai da muka ga yadda ya riƙe shi. Kafin mu fito daga aji ya riga ya bi fili ya tsince ƙaya, ya ja layi da tokar da yake tarowa daga murhun gidansu. Tulun ruwa yana ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da gammo da moɗa. In ƙwallo ta sace, shi ke kai ta wurin mai facin keke, ya tsaya a kansa har a gama. Singiletocinmu ya kai marina aka rina su shuɗi, ya ɗinka wa kowa lamba da farin ƙyalle. Ragar zoben ma kakarsa ya roƙa ta tufka mana da rama. Littafin nan kuwa ba abin da ba ya ciki: wanda ya jefa ta shiga, wanda ya ɓarar, wanda ya makara, wanda ya zo bai ci abinci ba. Rubutunsa ƙanana ne masu tsabta, irin na wanda ya saba da tawada tun yana yaro.

Da damina ta ja baya, gero ya fara nuna, sai Malam ya zo mana da labari. Ya shirya da wani malami na hayin iyaka, 'yan wata makaranta ta Ƙonni za su zo mu kara. Su sun daɗe suna wasan, an ce har takalman kambas gare su. Garin ya ɗauka. 'Yan kasuwar da ke tsallakawa kullum suka riƙa kai cika baki suna dawowa da wani. Mai masaukina ma ya gaya wa abokan cinikinsa na can cewa a gidansa dogon da zai kunyata su yake kwana.

Saura kwana goma a kara na fara jin zafi a idon sawuna na dama, kamar an ɗora garwashi. Wani ƙurji ya taso. Na san ko mene ne, don duk wanda ya tashi yana shan ruwan tafki ya san kurkunu. Akwai ƙanen mahaifina a Tozai da tasa ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta ruɓe, da ta warke kuma gwiwar ta ƙage, har ya rasu da ɗingishi yake tafiya. Duk na san wannan, amma na ɗaure wurin da tsumma na ce tuntuɓe na yi.

Kowa ya yarda ban da Manaja. Bayan an tashi wasa wata rana ya ce in taya shi ɗaukar tulu. Da muka yi nisa da sauran ya ajiye, ya ce kwana uku ke nan yana lura in na yi tsalle da ƙafar hagu kaɗai nake dira, kuma na daina juyawa ta dama. Ya ce in kwance tsumman. Na ƙi, ya tsaya yana kallona har na kwance. Ƙurjin ya fashe, ga ɗan farin kan nan kamar zare.

"Ka hwaɗa ma Malam da bakinka," in ji shi, "ko ni in hwaɗa mai gobe."

Na roƙe shi. Na ce kwana bakwai kawai, in an gama wasa ko yanke ƙafar za a yi na yarda. Da roƙo bai yi ba na koma zagi. Na ce hassada ce, shi da ba ya iya gudu yana so kowa ya zauna kamarsa. Wannan maganar ta same shi, na gani a fuskarsa. Bai rama ba, ya ɗauki tulunsa ya wuce.

Washegari ban faɗa ba, shi kuwa ya faɗa. Malam ya ɗora ni a bayan kekensa sai asibitin sha-ka-tafi. Malamin asibitin ya duba ya ce da na ci gaba da tsalle a kanta da ta tsinke, kuma abin da zai biyo baya ba shi da maganinsa a nan. Ya wanke, ya naɗe kan a jikin tsinke, ya ce kullum a jiƙa ƙafar a ja kaɗan, kada a yi gaggawa. Wasa kuwa babu shi.

Ranar karawar 'yan Ƙonni suka iso a bayan motar wani ɗan kasuwa, da kambas ɗinsu fari fat. Mutane suka kewaye fili, har masu tallar gyaɗa da rake. Ni ina zaune a gindin bedi, ƙafa a miƙe, ba na ko son kallon inda Manaja yake. Sai ga shi ya zo ya ajiye mini littafinsa da fensir a cinya, ya ce yau ruwa da usur sun ishe shi, in riƙe masa rubutun. Na so in jefar, amma mutane na kallo. Haka na zauna ina rubuta yadda ake cin mu. Sun yi mana nisa tun kafin hutun rabin lokaci, suna ƙirga cinsu da Faransanci da ƙarfi don mu ji.

Bayan wasan 'yan ƙungiyarmu suka juya masa baya. Suka ce shi ya kayar da mu, da ya yi shiru mako ɗaya da ba a yi mana haka ba. Fiye da wata guda ba mai yi masa magana in ba dole ba. Bai fasa tsince ƙaya ba, bai fasa kawo ruwa ba.

Ni kuma a gidan da nake ba wanda zai zauna ya yi jinyar ƙafa kullum. Mai gidan yana hanya, matan gida suna da aikinsu. Kwana biyu da yin wasan, bayan la'asar, na ji sallama a zaure. Manaja ne da ƙwarya da ɗan ƙullin gishiri. Bai tayar da maganar da na gaya masa ba. Ya karɓo ruwan ɗumi daga cikin gida, ya sa ƙafata a ciki, ya jira, sannan ya kama tsinken ya murza a hankali. Da ya ji ta yi tauri ya tsaya, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Abin da ya fito ranar bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Haka ya yi ta zuwa kullum har mako shida. Wata rana a samu kamar rabin yatsa, wata rana ba a samu komai ba. In na ƙosa na ce ya ja da ƙarfi a huta, sai ya ce in ƙafar tawa ce, hannun nasa ne. Yana murzawa yana ba ni labarin fili, wa ya gyara jifa, wa ya fara lalaci. A mako na uku ne na iya buɗe baki na ce ya yafe mini abin da na ce.

"Mi kac ce?" ya tambaya, bai ɗago kai ba. "Riƙe ƙahwar da kyau, tana tahowa."

Ranar da wutsiyar ta fito gaba ɗaya, ya miƙe ta a kan tabarma muka auna, ta fi kamu ɗaya. Matar mai gida ta leƙo ta yi hamdala, ta aiko mana da fura. Ni na je fili da kaina na gaya wa sauran abin da ya yi mini, kuma na ce wanda ke fushi da shi to da ni yake yi. A hankali aka koma kamar da.

Shekarar da ta biyo baya mu muka tsallaka Ƙonni, na yi wasa daga farko har ƙarshe. Sun sake cin mu, amma da ƙyar, har malaminsu ya zo ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan muka gama makaranta. Ni na wuce Sakkwato, daga baya na yi aikin malamin gona, aikin da rabinsa tafiyar ƙasa ce daga ƙauye zuwa ƙauye, shekara talatin da wani abu. Shi ya koma zauren mahaifinsa yana karantarwa.

Mun yi girma sosai na je Illela ranar kasuwa, na same shi a zaure da ɗalibai kewaye da shi. Na tsuguna na gaishe shi, na ce na zo ne in yi godiyar da ban yi da kyau ba muna yara. Ya ce shi jinyar ƙafa ba ta tsaya masa a rai ba, abin da bai manta ba shi ne jifa huɗu da na ɓarar a Ƙonni, waɗanda da sun shiga da mun ci. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi, wani ɗalibi ya kawo masa ruwa. Na zauna wurinsa har azahar, ya ja mu salla, ya rako ni bakin hanya.

Bayan shekara biyu aka aiko mini ya rasu, ciwon ƙirjin nan ne. Na je gaisuwa, na tarar da uku daga cikin 'yan ƙungiyarmu a zaune a kan tabarma, duk mun yi furfura. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.