Habsa Mai Zoɓo da Ciwon Sukari

Duk mai cin kasuwar Lahadi a Filinge ya san rumfar Habsa mai zoɓo, daf da inda motocin Sanam ke lodi. Ƴar Damana ce, aure ya kawo ta. Mijin ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, kuma da zoɓo da ruwan tsamiya ta raine su. Shekara talatin ba ta taɓa auna sukari da gwangwani ba. Sai ta zuba, ta motsa, ta ɗanɗana a bakin ludayi, shi ke nan.

Bara ta fara ramewa. Ƙishirwa ba ta yankewa, ga wani ɗan miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Da ta je asibiti, majo Saminu, shugaban malaman jinya, ya soke ta a yatsa ya ɗiga jinin a ɗan inji.

"Inna, ciwon sukari ne. Wajen ɗaya ya kamata injin ya tsaya, naki ya wuce uku."

Ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta zaƙi, ya ce ta rage hura da shinkafa.

"In rage hura in sha mi?" ta ce. "Iska?"

Babban ɗanta Abdulgafar, malamin makaranta a Yamai, ya aiko saƙon murya a wayar Basiratu, matar ƙanensa da ke zaune tare da Habsa. Ya ce ya karanta cewa akwai wani sinadari, polifenol, cikin zoɓo da ganyen shayi da jar dawa da wake, kuma masu bincike na ganin yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita sukarin jini. Saƙon dogo ne, amma abu guda Habsa ta ji: zoɓo magani ne. Dama ƙwayoyin na juya mata ciki. Ta tura su ƙarƙashin katifa.

Sati uku tana shan zoɓo ba sukari, tsami na kashe mata haƙora, tana ba maƙwabta labarin ta samu lafiya da abin hannunta. Ran wata Lahadi tana ƙulla leda, idonta ya yi hazo, ta zube a kan tabarma. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa asibiti. Injin ya nuna fiye da na farko.

"Wa ya ce ki bar ƙwaya?" in ji majo. Da ya ji labarin saƙon Abdulgafar, sai ya ce: "Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma taimakon zoɓo kaɗan ne, ba ya maye magani. Su kansu masu binciken ba su gama tantancewa ba."

"To in ba su gama ba, don mi sunka faɗi?"

Ta sa Basiratu ta kira Abdulgafar, ta wanke shi tas. Shi kuma sai rantsuwa yake cewa "yana taimakawa" kawai ya ce. Kafin sati ya zagayo, maƙwabciyarta Maimuna ta kawo wata saiwa mai ɗaci, Baƙo mai kawo musu nono ya ce ba abin da ya kai nonon raƙumi. Habsa ta ce duk wanda ya ƙara shigo mata gida da magani, shi zai fara sha a gabanta.

Ta koma kan ƙwayoyi. Tuwon jar dawa ya maye shinkafa, sai wake, sai kopto, wato kwaɗon ganyen zogale, hura kuwa rabin ludayi sau biyu. Wannan duk ta jure. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sana'arta. Ɗanɗano goma a yini ya fi ƙarfin jininta yanzu, dole Basiratu ta karɓi ludayi. Habsa ta gwada ƙulla zoɓo marar sukari don tsofaffi irinta. Idi direba ya kurɓa ya tofar.

"Inna, laifin mi na yi miki?"

Da yamma aka juye sauran a bayan rumfa. Tun daga nan tana zaune gefe tana ba da umarni, ƙara kaza, rage kaza, masu saye kuma na cewa zoɓon yana da daɗi amma ba kamar da ba. Takan ji, ta kau da kai.

Mikin ya rufe bayan wata huɗu. A awon da ya gabata, ana saura kwana goma azumi, injin ya tsaya a ɗaya da rabi. Majo ya ce a gode wa Allah. Ya ce maganar azumi sai sun sake zama, don wataƙila ya hana ta. Habsa ta tambaye shi ko za ta iya taɓa dabino in ana buɗa baki.

"Guda ɗaya, Inna."

"Guda?"

Ta jawo takalmanta ta fita ko sallama babu. Basiratu ce ta koma ta karɓo takardar maganin.