Malam Nehemiya Maje da Wutar Ruwan Kwata

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Nehemiya Maje a Zariya a shekarar 1912, ɗa ga Malam Edward manomi da Inna Magret. Ya yi karatu a makarantar mishan, inda malamansa suka shaida cewa kansa na ja, sai dai taurin kan ya fi ƙarfin bulala.

Aiki da Aure

A 1938 aka ɗauke shi duba-gari a Kano, yana zuba baƙin mai a kududdufan Fagge domin kashe 'ya'yan sauro. A 1941 ya auri Rebeka, mai sayar wa ma'aikatan tashar jirgin ƙasa tuwo, suka zauna a Sabon Gari.

Al'amarin Ramin

A daminar 1952 ya lura da kumfar da ke tasowa daga ƙarƙashin gansakuka, ya kifa gwangwani ya tara iskar, ya ƙyasta ashana, sai ga shuɗiyar wuta. Tun daga ranar bai huta ba. Ya haƙa rami a bayan gida yana zuba ruwan kwata da gansakuka da kashin shanu, ya kifa ganga, ya ja bututu zuwa murhu. Ramin ya sha yin tsami ya mutu, shi kuwa ya sha kwashewa ya sake, har a 1954 tukunyar Rebeka ta tafasa babu icce.

Murna ba ta daɗe ba. Maƙwabciyarsu Hajja Yakaka ta leƙa ta gani, kafin mako ya zagayo kowa ya ji cewa da wutar ƙazanta ake tuƙa tuwon, ciniki ya mutu murus. Rebeka ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta roƙe shi ya cike ramin, ya ce wuta ba ta ɗaukar dauɗa, kuma wata rana za a ci. Lakar ramin kuwa masu lambu a Kwaciri ke kwasa su yi taki, sai ga waɗanda suka ƙyamaci tuwon suna cin alayyahonta suna santi.

Rasuwa

Ya rasu a watan Yuli na 1959 bayan gajeriyar jinya, ba tare da wani baƙo ya taɓa cin abin da aka dafa a wutarsa ba, aka binne shi a maƙabartar Sabon Gari. Da aka dawo zaman makoki, Rebeka ta ajiye akussan tuwo ta ce, "A kan wutarsa na dafa. Wanda ba zai ci ba, ban riƙe shi ba."

Hajja Yakaka ce ta fara neman ruwan wanke hannu.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Albert, Sarah da Augustine.